Makon da na ware wa mata, da yadda na rushe shi da hannuna

Kwas ɗin gadonsa na yi. Malamin da ya riƙe shi shekara da shekaru ya yi ritaya, aka miƙo mini manhajarsa da fayil guda mai ɗauke da hotunan da ake haskawa a majigi: tarihin zane-zane cikin mako goma sha biyu, daga bangon kogo har zuwa ƙarni na 20. Ban taɓa komai ba. Shekara biyu ina koyar da shi yadda na same shi, ina kuma jin daɗinsa, don an jera shi tsaf kamar carbi. Giotto ya buɗe ƙofa, Leonardo da Michelangelo suka shiga, Rembrandt ya zo da duhu da haske, Manet ya tayar da ƙura, Picasso ya farfasa komai. Kowa ya karɓa daga hannun na gabansa ya miƙa wa na baya.

A shekara ta uku, mako na tara, muna kan Olympia ta Manet, zanen 1863 da ya jawo tsinuwa lokacin da aka rataye shi a babban baje kolin Faris na 1865. Ina tsaka da bayanin abin da ya fusata mutane, wato yadda matar da ke kwance ta zuba wa mai kallo ido ba kunya ba tsoro, sai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu daga layin baya.

"Malama, tun farkon zango muke kallon mata a allon nan. Wasu a kwance, wasu suna wanka, wasu riƙe da jariri. Yaushe za mu ga wadda ta riƙe burushin?"

Na ce mata akwai su, za mu zo wurin. Ina faɗa ina jin ƙaryar a bakina.

Daren ranar na buɗe fayil ɗin, na ɗauko takarda na ja layi biyu, ɗaya na hotunan da aka zana mace a ciki, ɗaya na waɗanda mace ta zana. Layin farko ya haura rabin hotunan kaf. Layi na biyu mutum ɗaya tak, Frida Kahlo, ita ma a makon ƙarshe, wanda duk shekara jarrabawa ke cinye shi kafin mu kai. Ni mace ce, na yi karatun wannan fanni, na tsaya gaban aji sau ɗari, ban taɓa lura ba sai da yarinya 'yar shekara goma sha tara ta nuna mini.

Da farko tsohon malamin na ɗora wa laifi. Amma da na koma kan littattafan da shi ma ya koya daga cikinsu, sai na sassauta. Babban littafin H. W. Janson, wanda ya fito a 1962 kuma jami'o'i da yawa suka ɗauke shi a matsayin jagora, babu mace mai zane ko ɗaya a cikinsa har sai bugun 1986. Na Gombrich da ya fito a 1950 haka yake a bugunsa na farko. A 1989 wasu mata masu zane a New York da ke kiran kansu Guerrilla Girls suka yi irin ƙidayata a sashen zanen zamani na gidan tarihin Metropolitan, suka buga sakamakon a fosta: matan da aka rataye aikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma kashi 85 na zanen tsiraicin da ke wurin na mata ne. Ashe fayil ɗina ba shi kaɗai ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Gyaran farko da na yi shi ne wanda kusan kowa ke yi. Na matse darasi biyu wuri ɗaya, na samu mako guda, na sa masa suna "Mata a tarihin zane". Na tattaro sunaye goma sha biyu, kowacce hoto biyu da taƙaitaccen tarihin rayuwa, na zuba su cikin awa biyu. Na fito daga ajin ina jin na sauke nauyi.

Takardun jarrabawa ne suka tona asirin. Kusan kowace amsa da ta shafi makon ta fara da "duk da kasancewarta mace". Ba wanda ya yi maganar launi, ko tsarin zane, ko inda haske ya faɗo. Ɗaliban da suka iya rubuta shafi biyu kan inuwar da ke zanen Caravaggio, mai zanen Italiya, da suka zo kan mata sai suka koma tausayi da jinjina. Kuma wani ɗalibi, ba da raini ba, ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, ni fa gani nake in da sun kai, ai da tun farko suna cikin sauran makonnin." Ban da amsa. Tsarin da na yi shi ya koya masa haka: mako goma sha ɗaya na tarihi, mako ɗaya na mata, kamar rumfar da aka kafa wa baƙi a wajen gida. An gudu daga gara an faɗa zago.

Hutun da ya biyo baya na ba shi kacokan. Na fara da maƙalar Linda Nochlin ta 1971, wadda takenta kansa tambaya ce: me ya sa ba a samu manyan mata masu zane ba? Na taɓa karanta ta ina ɗaliba, karatun cin jarrabawa. Wannan karon sai na ga tamkar da ni take. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, wanda ya ji tambayar ya ruga neman sunaye don ya kare mata, ya riga ya faɗa tarko, domin ya amince cewa gwaninta abu ne da ke faɗowa daga sama kan wanda aka zaɓa. Ta ce a bar nan, a je a duba yadda ake ƙera mai zane: wa aka bari ya shiga ajin koyo, wa ya samu maigida, wa aka ba kwangila.

Wannan ya kai ni ga wani zane da na kwana ina ƙara girmansa a kwamfuta. Johan Zoffany ya yi shi a 1771 zuwa 1772, ya tara membobin makarantar zane ta sarauta da aka kafa a Landan a 1768. Ga su nan cike da ɗaki, wasu a zaune wasu a tsaye, wani ya dafa sanda, wasu suna muhawara, fitila na reto daga sama, a gefe guda kuma maza biyu da aka kawo a zana jikinsu. Cikin waɗanda suka kafa makarantar akwai mata biyu, Angelica Kauffman da Mary Moser. Na neme su cikin taron ban gan su ba. Sai can a bangon dama, sama da kawunan mutane, ga fuskokinsu biyu a cikin firam, an rataye su kamar kayan ado. Ba a yarda mace ta tsaya a ɗakin da ake zana tsiraici ba, ko da a cikin hoto. Membobi ne cikakku, amma a hoton membobi sun koma hoto. Bayansu ba a sake zaɓar mace cikakkiyar memba ba sai Laura Knight a 1936, shekara 168 da kafuwa.

Wani zai ce to, ɗaki ɗaya ne aka hana su, mene ne a ciki? Ai nan gizo ke saƙar. A wancan zamani an jera nau'o'in zane hawa-hawa. A ƙololuwa akwai zanen tarihi, wato manyan labaran addini da yaƙi da tatsuniyoyin Girka, masu cike da jikin mutane a murɗe, a guje, a faɗe. Ba mai iya wannan sai wanda ya shekara yana nazarin jiki. A ƙasa akwai zanen fuska, sai shimfiɗar ƙasa, sai furanni da 'ya'yan itace a can ƙarshe. Aka rufe wa mata ƙofar da ke kaiwa sama, suka yi ƙwazo a abin da aka bar musu, daga baya aka juyo aka ce ai ga shi nan, furanni kawai suka iya. A Faransa makarantar sarauta ta ƙayyade cewa mata membobi ba za su wuce huɗu ba, kuma babbar makarantar zane ta Faris ba ta karɓi ɗalibai mata ba sai 1897. Rosa Bonheur, da take son zana dawakai yadda suke, sai da ta nemi takardar izinin sa wando daga 'yan sanda, wadda ake sabuntawa duk wata shida, don ta iya shiga kasuwar dawaki da mayanka ta yi nazari.

Daga nan na canza hanyar aiki. Na yi jadawali mai gida huɗu ga kowace mace da na samu: wa ya koya mata, wa ya biya ta, me ta zana, sannan me ya faru da sunanta bayan ta mutu.

Gidan farko ya cika da kalma ɗaya, mahaifinta. Artemisia Gentileschi, Lavinia Fontana, Kauffman, Bonheur, Marietta 'yar Tintoretto, har Katsushika Oi 'yar Hokusai a Japan, duk a ɗakin aikin uba suka koya, don shi ne ɗakin da ba sai an nemi izinin shiga ba. Wasu kuma a gidan ibadar mata masu zaman zuhudu, kamar Plautilla Nelli ta Florence, wadda ta zana jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa a kan ƙyalle mai tsawon kusan mita 7. Ina cike gidan ina tunanin 'yar manomi ko 'yar maƙeri mai irin wannan hannu, wadda ba ta da uba mai fenti.

Gida na huɗu shi ya fi cin lokacina, shi ne kuma ya ba ni amsar da na rasa a bakin ƙofa.

Judith Leyster 'yar Haarlem ce a ƙasar Holan. An haife ta a 1609, ta shiga ƙungiyar masu zane ta garin a 1633, tana da ɗakin aikinta da yaranta masu koyo. A 1635 ma har ƙarar Frans Hals, fitaccen mai zanen garin, ta kai gaban ƙungiyar, saboda ya karɓe mata yaro. Akwai zanen da ta yi wa kanta, yana Washington yanzu: ta juyo daga kan allon aiki, ta ɗora gwiwar hannu a bayan kujera, baki a ɗan buɗe kamar an katse ta tana magana, hannu ɗaya ya damƙe burusai da yawa. Wannan ba hoton mai neman alfarma ba ne. Ta yi aure a 1636, aikinta ya ragu, ta rasu a 1660, sunanta ya ɓace ɓat sama da shekara 200. Zanen nata kuwa ba su ɓace ba. An ci gaba da sayar da su, ana yabonsu, amma da sunan Hals ko na mijinta. Sai da wani cinikin 1892 a Landan ya kai ga kotu, aka duba wani zanen mai goge da abokiyar shaƙatawarsa da aka sayar a matsayin na Hals, aka ga wata alama: harafin J da L a haɗe, da ɗan tauraro a gefe, domin sunan Leyster na nufin tauraro mai nuna hanya. A 1893 masanin nan Hofstede de Groot ya bi alamar ya dawo mata da zane bakwai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Labari na biyu ya fi ciwo. A 1917 gidan tarihin Metropolitan ya samu kyautar wani zanen 1801 da aka ce na Jacques-Louis David ne, babban mai zanen Faransa na zamaninsa. Budurwa ce cikin farar riga, zaune da allon zane a cinya, haske na shigowa ta taga daga bayanta, gilashin tagar a tsage. Shekara talatin da ɗoriya masana na zuba masa kirari. A 1951 Charles Sterling ya nuna cewa an baje zanen a bikin 1801, wanda David bai sa aikinsa a ciki ba, ya ce wataƙila na wata mata ce, Constance Charpentier. A cikin rubutun guda kuma sai ga shi yana hango rauni a zanen, yana cewa alamun ruhin mace ne. Zanen bai canza ba, ko ɗigon fenti ba a ƙara ba. Suna kawai aka canza, sai ido ya canza. A tsakiyar shekarun 1990 Margaret Oppenheimer ta kawo hujjar cewa na Marie-Denise Villers ne, kuma sunan da ke jikinsa ke nan yau.

Wannan zanen na mayar da shi darasi. Nakan haska shi ba suna, in raba aji biyu, in rubuta wa rabi "David" a takarda, rabi "Villers", in ce kowa ya rubuta layi biyar kan abin da ya gani. Ba kullum bambancin ke fitowa ƙarara ba, ba zan yi ƙari ba. Amma kalmar "taushi" da "laushi" ta fi yawa a gefe ɗaya, kuma ɗaliban da kansu suke ganowa idan aka karanta a fili. Dariyar da ake yi a lokacin, ta jin kunya ce.

Sai na yanke shawarar rushe makon mata gaba ɗaya, kowacce ta koma zamaninta, kusa da mazan da ta yi gogayya da su a kasuwa ɗaya. Sofonisba Anguissola ta shiga makon ƙarni na 16, da zanenta na 1555 inda ƙannenta ke wasan dara irin ta Turawa, ƙaramar tana dariya har haƙora a waje, abin da ba a saba gani ba a zanen lokacin. An gayyace ta fadar Sarki Philip na biyu na Sifaniya a 1559, kuma hoton sarkin da ta zana ya daɗe da sunan wani namiji a kansa. Berthe Morisot ta koma cikin su Monet, inda dama can take: cikin baje koli takwas da ƙungiyarsu ta yi daga 1874 zuwa 1886, ta shiga bakwai, ta tsallake na 1879 ne kawai bayan haihuwar 'yarta. Da ta rasu a 1895, a takardar mutuwarta aka rubuta cewa ba ta da sana'a.

A kan Artemisia na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni don na yi shi da kyakkyawar niyya. Labarinta na da nauyi. Abokin aikin mahaifinta, Agostino Tassi, ya yi mata fyaɗe, aka yi shari'a a Rum a 1612, kuma ita aka ɗaure wa igiya a yatsu ana matsawa don a tabbatar gaskiya take faɗa. Yatsun mai zane. Na shiga aji na ba da labarin nan minti arba'in, ɗaki ya yi tsit, har da masu share hawaye. Zanen nata na ba su minti goma. Ina tattara kaya na gane abin da na yi: na sake mayar da ita mace da ake kallo. Caravaggio ya kashe mutum a 1606 ya gudu daga Rum, amma ban taɓa barin wannan ya cinye darasinsa ba.

A shekarar da ta biyo baya na juya tsarin. Na fara da zane biyu gefe da gefe, labari ɗaya, na Susanna da dattawa biyu da suka leƙe ta tana wanka suka nemi su tilasta mata. A na Tintoretto tana zaune a lambu tana kallon madubi, ba ta ma san da su ba, an gyara ta an ƙawata ta yadda mai kallo shi ma zai zama na uku cikin masu leƙe. A na Artemisia, wanda ta sa wa hannu a 1610 tana 'yar shekara 17, ba lambu ba madubi. Bango ne na dutse, dattawan sun rankwafo ta samansa kamar hadari, ita kuma ta murɗe wuya ta kau da fuska, hannu biyu a ɗage tana ture iska. Sai na biyo da wani tsohon labarin addini da su biyun, Artemisia da Caravaggio, suka zana: wata mata mai suna Judith tana yanka Holofernes, kwamandan abokan gaba. A na Caravaggio, Judith ta miƙe hannu daga nesa tana yamutsa fuska kamar mai gudun kada jini ya ɓata mata riga. A na Artemisia an naɗe hannun riga, an dafe kan, kuyanga ta haye ta danne ƙirjin, aiki ne na mutum biyu da suka san nauyin ƙato. Bayan ɗalibai sun gama gardama kan hannaye da haske, sannan na kawo shari'ar, a taƙaice, tare da sauran: cewa a 1616 ta zama mace ta farko da makarantar zane ta Florence ta karɓa, ta yi aiki a Naples da Landan, kuma wasiƙunta ga wani attajirin Sicily da ke sayen aikinta cike suke da cinikin farashi, ba ta ragi. A ɗaya ta ce masa zai tarar da zuciyar Kaisar a cikin ruhin mace.

Akwai ramin da ban hango ba sai da na faɗa. Duk wannan aikin ina yin sa ne cikin shingen da na gada, wato fenti a kan ƙyalle da sassaƙar dutse su ne "fasaha", saura kuwa sana'ar hannu. To su wa ke saƙa, da ɗinki, da ginin tukwane a yawancin duniya? Wanda ya ja wannan layi ya fitar da mafi yawan aikin mata tun kafin a fara ƙidaya. Makarantar Bauhaus ta Jamus ta buɗe a 1919 da alkawarin ba bambanci, amma aka riƙa tura mata sashen saƙa. Anni Albers ba saƙa ta je nema ba, can aka kai ta, ta mayar da zare abin da gidan tarihin zanen zamani na New York ya ware wa baje koli a 1949. Ladi Kwali ta ƙware a ginin tukwane tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a 1954, kuma tukwanenta masu zanen ƙadangare da kifi da kunama sun kai Landan. Na buɗe wa waɗannan wuri, ba a matsayin 'yan rakiya ba.

Haka kuma kalmar "ba a san mai shi ba". Na lura duk inda na rubuta ta, a raina namiji nake gani. A darasin farko nakan ce "mutumin kogo ya ɗora hannunsa a bango ya fesa launi". A 2013 Dean Snow ya auna tsawon yatsu a irin waɗannan tafukan a kogunan Faransa da Sifaniya, ya ce 24 cikin 32 sun fi kama da na mata. Samfurin kaɗan ne kuma akwai masu ja, na kan faɗa wa ɗalibai haka, amma ya isa ya hana ni cewa "hannunsa" kai tsaye. A 2019 kuma aka buga binciken haƙoran wata mata da aka binne a Dalheim ta Jamus wajen shekara ta 1000 zuwa 1200. A dattin haƙoranta aka samu ɓurɓushin shuɗin dutsen nan mai tsadar gaske da ake haƙowa a Afghanistan, wanda sai amintaccen gwani ake ba ya ƙawata littafi da shi. Bayanin da ya fi zama shi ne tana lasar bakin burushi don ya yi tsini. Ba suna, ba littafi, sai shuɗi a haƙori. Ban san dalili ba, amma duk cikin abin da na karanta a hutun nan, wannan ne ya sa na rufe kwamfuta na zauna shiru.

Ƙarawa ba ta da wuya. Cirewa ce aikin. Mako goma sha biyu ba ya miƙewa, duk wadda ta shigo sai wani ya matsa. Na rage Maryamun Raphael daga biyar zuwa biyu. Matan wankan Renoir na sallame su gaba ɗaya, kuma in faɗi gaskiya ban yi kewarsu ba. Wani abokin aikina ya duba sabon jerin ya ce na mayar da tarihi siyasa. Na tambaye shi tsohon jerin wa ya saukar da shi, ya yi dariya, muka bar maganar ba wanda ya ci. Amma tsokacinsa ya yi mini amfani ta wata fuska, don ya sa na sake tace jerina. Akwai sunaye uku da na cire, saboda da na zauna da aikinsu ban ga abin da zan tsaya minti goma ina nunawa ba. Sanya su don cike gurbi raini ne irin na makon da na rushe.

Wasu kuma da suka shigo sai suka tsinka carbin. Na saba cewa Kandinsky, mai zanen Rasha, shi ne ya fara zanen da ba ya kwaikwayon komai, wajen 1911. Sai ga Hilma af Klint ta Siwidin tana yin irinsa tun 1906, manya-manya, ta kuma bar wasiyya kada a nuna su sai bayan shekara 20 da mutuwarta, wadda ta zo a 1944. Da gidan tarihin Guggenheim na New York ya baje su a 2018 zuwa 2019, mutum sama da 600,000 suka je, adadin da gidan bai taɓa gani ba. Ba ta koya daga Kandinsky ba, shi ma bai gina a kanta ba. Ina za a sa ta a jerin wane ya haifi wane? Dole na daina koyar da makon a matsayin tsere mai zakara ɗaya.

Bara muka sake isowa mako na tara. Na haska Olympia kamar kullum, amma yanzu akwai hoto na biye. Matar da ke kwance sunanta Victorine Meurent, kuma ita ma mai zane ce. A 1876 babban baje kolin Faris ya karɓi aikinta, a shekarar da ya mayar wa Manet da nasa. Baƙar matar da ke tsaye riƙe da furanni, wadda littattafai suka shekara ɗari suna tsallakewa kamar labule, sunanta Laure. Manet ya rubuta sunan da adireshinta a littafin ajiyarsa, kuma binciken Denise Murrell da baje kolinta na 2018 ne suka sa aka juyo aka dube ta. Ɗalibar da ta yi mini tambayar farko ta gama ta tafi tuntuni. Na so a ce tana layin baya.

Ina naɗe wayar majigi sai wani yaro da ke gaba, wanda ya yi ta jujjuya takardar manhaja tun farkon darasi, ya ɗago.

"Malama, na ƙirga. Italiya mako uku, Faransa mako uku. Afirka da Asiya gaba ɗaya fa?"

Na buɗe baki zan ce za mu zo wurin, na kama kaina. Na ce ya ara mini takardar da biro.